Kar Ka Sha, Gobe Akwai Hoto

"Kar ka sha!"

Auta ta fizge kofin daga bakin saurayinta Dogo, shayin ya malale a kan dardumar mahaifiyarsa.

Wallahi ita kanta ba ta san lokacin da ta isa wurin ba.

"Lalle yarinya, wuyanki ya isa yanka!" in ji Mama, mahaifiyar tasa. "A gidana?"

'Yar kawun Dogo ce ta haɗo shayin, kuma kowa ya san ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa. Ta taɓe baki.

"Zuma ce fa na sa masa don tarin nan. Tun ba a shigo ba an fara mulki..."

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Auta. "Gobe za a ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ce ba zaƙi, ba burodi, ba shinkafa. Wani ruwan suga za su sa masa a jijiya, inda ciwon yake ya zuƙe shi ya haska. In ya sha wannan, zuciyar gaba ɗaya za ta haska, a kasa gane komai. Sai a sake bin layi wata da watanni!"

Ita kuwa ina ta ga watannin? Babanta ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mai tarin da ba a san sunansa ba. In wata ya ƙare ba bayani, maganar aure ta mutu.

"Fita," Mama ta ce.

Dogo ya yunƙura, tari ya sarƙe shi.

"Abar ƙaunata... ko kurɓi ɗaya ban yi ba."

Auta ta fita tana share hawaye.

Hoton ya fito tas. Ya nuna wa likitoci inda za su ɗebi ɗan nama su gwada. Ranar sakamako, Auta ta raɓe a ƙarshen bencin asibiti, ko gaisuwarta Mama ba ta amsa ba.

"Mutum ɗaya zai raka shi," in ji nas.

Mama ta miƙe, sai kuma ta tsaya ta dubi Auta.

"Ke... ke kika san abin da ake tambaya. Shiga."

"Sarkoyidosis ne," likita ya ce. "Ba daji ba ne, ba tarin fuka ba, kuma ba a ɗauka. Garkuwar jikinsa ce ke tara kumburi. Magani na kwantar da shi, amma ya ɗan taɓa zuciya. Da hoton ya ɓaci, da ba mu gani ba."

A waje Auta ta maimaita wa Mama, sai ta fashe da kuka.

"Baba na jin an ce zuciya, shi ke nan! Ya zan yi?"

Mama ta gyara mayafi, ta kamo hannunta.

"Koya min sunan nan mai karya harshe a mota. Ni zan faɗa masa da bakina, in ga wanda ya isa ya hana ni surukata!"