Komin da Aka Hana Ruwa

Amsa ta tsaya a bakin kominta na alkama, 'yar gonar gwajinta mai kewaye da kunya, takalminta ya nutse a taɓo.

Ruwa ne kwance male-male.

Kwana ashirin da ɗaya ta yi tana hana wannan komin ruwa da gangan, kullum safiya tana auna ganye tana rubutawa. Aikin bincikenta na shekarar ƙarshe ke nan, neman irin alkamar da zai jure ƙishi. Yau ga shi an shayar da shi har ya ƙoshi.

"Abdulrashid..." ta kira shi. "Kai ne mai rabon ruwa a makon nan. Wa ya yi min haka?"

Yana tsaye a bayanta, hannunsa duk laka, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Amsana, ki saurare ni..."

"Kar ka Amsana ni. Wa ya yi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ne. Kuskure na yi."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta juya ta nufi gida, hawaye na bin kumatunta.

Gidan Noman Rani ake kiran wurin. Jami'arsu ce ta gina shi kusa da madatsar Watari, ta zuba ɗalibai talatin masu karatun ban ruwa, mata ɓangarensu, maza ɓangarensu. Tukunya ɗaya suke ci, hira ɗaya suke yi, ko faɗa ya tashi a kan taki da iri ne. Dokarsu ta farko kuwa kowa ya haddace ta: wanda ya taɓa komin wani, ya haɗa kayansa. Barin gidan kuma maimaita shekara ne.

A nan Amsa, 'yar mai sayar da hatsi a Dawanau, ta haɗu da Abdulrashid, ɗalibi kamarta, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da gidan. Sun so juna har ana yi musu tsiya da shi. Mahaifinsa ne kawai, Malam Muhammadu Sani, ya kafe ya ce bai yarda ba, dalili kuma bai faɗa ba.

A ɗaki ta zauna, ta miƙe, ta buɗe littafin awonta, ta rufe, ta leƙa taga. Khaulat, abokiyar ɗakinta, tana kan gado tana shafa mai a hannu.

"Ni dai na sha faɗa miki, bai san darajarki ba. Ki bari a kore shi ki huta."

Tausayin Khaulat irin wanda ake yi ido na kan madubi ne. Ita ce mai zuwa gaida mahaifiyar Abdulrashid duk Juma'a, ba wanda ya aike ta.

"Bayan la'asar Dakta Zulaihatu za ta zauna da kowa," ta ƙara. Dakta ce malamar da ke kula da gidan.

Amsa ta juyo daga taga. Haushin Abdulrashid take ji har wuya, amma tunanin wayewar gari babu shi a gidan nan ya fi haushin ciwo. Mutumin da ya taya ta auna komin da igiya, ta yaya zai manta?

Ɗakin ya yi mata ƙunci. Ta figi mayafi ta koma gona da tsakar rana.

Sai a lokacin ta lura. Ƙofar ruwan ɗalibai a bushe take ƙayau. Ta ɗaya gefen ne, inda kominta ya haɗa iyaka da gonar Malam Muhammadu, aka fasa kunya da fartanya, wani kuma ya liƙe wurin da hannu cikin gaggawa.

Tsohon yana can ƙarƙashin darbejiya yana gyara ƙotar fartanya. Ta ƙarasa ta durƙusa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Kin ga alkamarki ta farfaɗo?"

Ta ɗago da sauri.

"Baba... kai ne?"

"Ni ne mana." Ko a jikinsa. "Shekara arba'in ina noma, ban taɓa wuce shuka tana naɗe ganye ina da ruwa a hannu ba. Sati uku ina kallonki, ki zo ki tsaya ki yi rubutu ki tafi. Na tambayi ƙawarki mai zuwa gidana, ta ce haka kike, ba kya son wahala. To yarinyar da ba ta tausayin shuka, me za ta tausaya wa a gidana?"

Ashe dalilin ke nan. Amsa ta ji kuka da dariya sun taso mata lokaci ɗaya.

"Baba, wallahi kullum na ga ganyen nan sai raina ya sosu. Da gangan na hana shi. Iri huɗu ne a ciki, ina so in ga wanne zai rayu in babu ruwa. Ranar da madatsa ta ja baya, me za ku shuka?"

Hannun tsohon ya tsaya a kan ƙotar.

"Ta taɓa ja," ya ce a hankali. "Shekarar ko irin da na zuba ban mayar ba."

"Kwana bakwai suka rage in san amsar, Baba. Yanzu sai baɗi." Ta share ido. "Ba wannan ne ya fi damuna ba. Abdulrashid ya ce shi ya yi. Bayan la'asar za a kore shi."

"Ya ce shi ne?"

"Don kar a ambaci sunanka a gaban mutane."

La'asar na yi Malam ya nufi gidan, bai ko wanke ƙafa ba.

Ɗalibai sun cika tsakar gidan, Abdulrashid na tsaye gaban Dakta Zulaihatu da jakarsa a gefe, sai ga sallamar tsoho. Ya faɗi abin da ya yi tiryan-tiryan, har da wadda ta ba shi labarin lalaci. Khaulat ta shiga neman abin da ba ta yar ba a ƙasa.

"Dokarmu ta 'yan gida ce, Baba, ba ta hau kan maƙwabci ba," in ji Dakta. "Abdulrashid, mayar da jakarka. Gobe kuma kowa ya kafa allo a kominsa mai bayanin gwajinsa da Hausa."

Abdulrashid ya dubi Amsa, idonsa ya yi ja.

"Ki yafe min, farin cikina. Na rasa yadda zan yi."

"Ka sake yi min ƙarya ka gani," ta ce ƙasa-ƙasa, murmushi na neman tona ta.

Malam ya yi gyaran murya.

"'Yata, na ɓata miki shekara. Ina da gona a ƙarshen magudanar ruwan madatsa, ruwa ba ya isa can sosai. Baɗi taki ce, ki hana ta ruwa son ranki, ni zan tsare miki ita." Sai ya ƙara: "Mahaifinki a wane layi yake a Dawanau?"

"Layin wake, Baba."

"To ki gaya masa ranar Asabar ƙannena za su shigo. Ba sayen wake zai kai su ba."

Amsa ta ja mayafi ta rufe fuska, guɗar 'yan matan gidan ta tashi har bakin ruwa.