Kiɗan Ƙarfe na Munkaila

Salamatu ta fara ganin Munkaila ne yana kaɗa kai kamar ƙadangare, idonsa a rufe, da ƴar igiya a kunnuwansa. Ranar kasuwar Birnin Konni ce, ita kuwa ta kawo gyaran rediyon babanta mai cin kaset, wanda ya koma cin kaset ɗin da gaske, yana tauna zare. Ta yi sallama ta sake, bai ji ba. Sai da ta dire rediyon a kan teburinsa ya buɗe ido. Ya manta bai cire abin kunnen ba, ya amsa sallamar da ƙarfi har mai goron gefe ya waiwayo.

Dariya ta kama ta, shi kuma kunya ta kama shi. Rediyon ya gyaru tun a ranar, amma kowane mako sai a sami wani ɗan abu da ya rage.

Munkaila mutumin Malbaza ne, gyaran rediyo da ɗaukar waƙa a kaset ne sana'arsa. A wancan zamanin samarin anasara, wato Turawa, kan keto hamada da tsofaffin motoci su sayar a Konni. Ɗaya daga cikinsu ya bar masa wasu kaset na wani kiɗa da ya kira hebi metal. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya fassara masa sunan, wai ƙarfe mai nauyi, shi ke nan Munkaila ya raɗa masa kiɗan ƙarfe.

Wata rana Salamatu ta ce sai ta ji. Ya saka mata a kunne, ta fizge, ta harare shi, can kuma ta mayar da kanta. Ta ce gangar kamar lugude ce, in mata sun taru a kan turmi ɗaya kowace da haushinta.

"Amma shi wanga mai ihu, mi anka yi mishi?"

"Ban sani ba, Salame. Ko kalma guda ban ji cikin maganatai."

"To mi kaka ji?"

Ya daɗe yana juya zaren kaset da biro kafin ya ba ta amsa. Ya ce wansa Inusa ya rasu a hanyar Malbaza, motar siminti ta faɗi da shi. Kowa ya ce ya yi haƙuri, ya kuwa yi, amma wani abu ya tokare masa ƙirji ya ƙi wucewa, har abinci ya daina shiga. Ranar da ya fara sa kaset ɗin nan sai ya ji wani yana ihu a madadinsa. Da kaset ya ƙare ya tashi ya ci tuwo.

Tausayinsa ya shige Salamatu, kuma daga tausayin ba ta san lokacin da ta wuce gaba ba. Ta riƙa kiransa Mai ƙarfe, shi yana kiranta Sanyin idona, sunan da ba ya iya faɗa sai ya dubi ƙasa.

Da tafiya ta kama shi zuwa Sakkwato sayen kayan gyara, ya yi niyyar bar mata saƙon murya a kaset, yadda ƴan cirani ke aiko wa gida. Bai sami sabon kaset ba, sai ya ɗauki ɗaya daga cikin na kiɗan ƙarfen ya ɗora maganarsa a farkonsa. A ganinsa wannan ma kyauta ce, tunda abin da ya fi so ya goge saboda ita.

Bayan la'asar Salamatu ta zauna a tsakar gida ta saka. Da yake Munkaila da kunya ya yi maganar, muryar can ƙasa take, don haka ta murɗa rediyon har ƙarshe.

"Sanyin idona, ni na, Munkaila. Ina hwatan kina lahiya. Zan tahi Sakkwato, ba ni daɗewa. In na komo ina son in turo magabatana wurin Baba, in kin yarda. Ban da dukiya, amma ban yi miki ƙarya, kuma ban bari ki yi kuka ke kaɗai. Sauran abin da ke cikin raina game da ke, baki ba ya iya hwaɗi nai."

Nan maganar ta ƙare, abin da ke ƙarƙashinta ya fito. Wani ƙato ya kwarma ihu kamar ana yanka shi, ganguna suka rufa masa baya. Awaki suka watse, ƙwaryar da ke hannun mahaifiyarta Uwani ta faɗi, mahaifinta Abarshi ya shigo daga zaure ba takalmi. Kafin magariba unguwa ta gama sanin cewa saurayin Salamatu iskokinsa sun tashi yana tsakiyar zance, kuma an ɗauke su a kaset.

Badaru, ɗan abokin Abarshi, mai babur da turare, ya daɗe yana son Salamatu tana kauce masa. Ya zo gaisuwa ya ƙara gishiri. Ya ce duk kasuwa ta san yaron, rufe ido yake yana jijjiga, kuma da bakinsa yake kiran abin kiɗan ƙarfe.

Abarshi ɗan kasuwar albasa ne, mai sanyin magana, ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Amma a ƙuruciyarsa ɗan tauri ne, irin mazan da wuƙa ba ta kama su, waɗanda in an buga musu ganga sai su tsima su fita hayyacinsu. Salamatu ta durƙusa ta yi masa bayani cewa mai ihun wani anasara ne, ba Munkaila ba. Ya saurare ta har ta gama, ya ce shi tun farko bai yarda da zancen iskoki ba, ba nan matsalar take ba.

"Na san kiɗan ƙarhe, ɗiyata. Na san abin da shika yi ma namiji, kuma na san wa ka shan wuya in ya komo gida. Ban ba shi ke."

Bai dubi Uwani ba da ya faɗi haka, ita ma ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. Salamatu ta dubi wuyan hannun mahaifiyarta na hagu, wanda ba ya lanƙwasuwa daidai, wanda tun tana ƙarama aka ce mata faɗuwa ce a bakin rijiya. A ranar ta gane ba rijiya ba ce.

Munkaila ya dawo ya tarar ana nuna shi da baki. Salamatu ba ta zo ba, ya ɗauka saƙon ne ya ɓata mata rai, ya rame a tsaye. Da ta samu ta leƙo rumfarsa ta faɗa masa yadda aka yi, sai ya tattaro kaset ɗin duka ya ce zai ƙone su a gaban Baba.

"In ka ƙone su, Mai ƙarhe, abin nan na ƙirjinka ina za ka kai shi?"

Ya ajiye kaset ɗin. Ta koma gida ta yi kuka a ɗakin mahaifiyarta.

Ranar kasuwa ta gaba Uwani ta yafa mayafi ta ce za ta sayo daddawa. Ta wuce masu daddawa ta tsaya a rumfar Munkaila. Ya miƙe a rikice ya ba ta benci. Ba ta tsaya kwana-kwana ba, ta ce Malam ya hana, kuma Badaru ya fara zarya. Ta bari maganar ta zauna masa sosai, ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ta ce ya sa kiɗan nasa, a fili, tana son ta gani.

Ya saka. Da farko ya daure saboda kunyar suruka, ya zauna ƙiƙam. Can kiɗan ya ci ƙarfinsa, ido ya rufe, kai ya fara aiki, gumi da hawaye suka haɗu a haɓarsa. Uwani ba kiɗan take ji ba, hannuwansa take kallo. Sun dunƙule, sun yi ta rawa a kan gwiwa, daga baya suka saki a hankali.

Da waƙar ta ƙare Uwani ta miƙe, ta sa gefen mayafi da gangan ta ture farantin ƙananan kusoshinsa, aikin yini guda ya watse cikin rairayi. Ta tsaya a inda hannu zai iya kai mata, don ta san daidai lokacin da ake gane namiji.

Munkaila ya duƙa da sauri. "Inna, kar ki taka, suna da tsini. Ba su soke ki ba dai?"

Ta ce ba su soke ta ba. Ta yi masa sai an jima, ta koma gida ba daddawa.

Ta sami Abarshi a zaure shi kaɗai, ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta ba shi labarin abin da ta gani tiryan-tiryan, har da kusoshin.

"Malam, ni ag gwanar wanga karatu, ba kai ba. Kai kiɗa cika ka shikai, ka zo gida ka zubar. Shi yaron ga, can shika zubar da nashi, shi taso ba komi."

Tun da suka yi aure maganar nan ba ta taɓa fitowa fili tsakaninsu ba. Da Abarshi ya buɗe baki, gafara ya roƙa. Uwani ta ce ta yafe tun Salamatu na goye, abin da ya rage kawai ya ba yaro mata.

Aka ɗaura aure bayan an gama girbin gero. Dangin ango suka zo daga Malbaza cike da mota, aka raba goro da dabino, Badaru ma ya zo ya ci shinkafa ya yi addu'a da ƙarfi don a ji shi. Salamatu na cikin ɗaki ƙawaye sun kewaye ta, farin ciki ya hana ta zama wuri ɗaya.

Da jama'a suka ragu, Abarshi ya kira Munkaila gefe. Ango ya durƙusa yana jiran a ce masa ya rabu da kaset ɗinsa, ya ma riga ya shirya cewa to.

"Ka ci gaba da jin kiɗanka," in ji Abarshi. "Amma randa ka ji shi bai ishe ka ba, kar ka shiga gida. Ka taho wurina tukuna, ko ina kwana ka tashe ni. Ni ban samu wanda zan je ma ba."

Munkaila ya ce ya yi alkawari. Tsohon ya ɗora masa hannu a ka, ya roƙi Allah ya sanya albarka, ya ba su zuri'a ta gari, ya sa Salamatu ta tsufa a ɗakinta ba ta taɓa tsoron ƙarar takalmin mijinta ba. Uwani tana bayan ƙofa, ita ta fara cewa amin.