Maɗacin Inna Hajjo

"Ko dai a sare iccen ga, ko in ɗauki ɗiyata in tahi Madekali!"

Sailuba ce ta faɗi haka, ta ƙanƙame 'Yar Baba a ƙirji kamar wani zai ƙwace mata ita.

Mijinta Albashir ya shigo daga fadama ke nan, laka har gwiwa. Ya tsaya turus a tsakar gida. Ga wani ƙaton busasshen reshe kwance a ƙasa, randar ruwa ta dare biyu a ƙarƙashinsa, ruwan ya bi ya jiƙa tabarmar yarinyar.

"Innalillahi... Ta ji ciwo?"

"Allah ya tsare. Na ɗauke ta in ba ta nono ke nan, ban ko zauna ba na ji rugum! Nan fa taka zaune, Maigida. Nan!"

Ya miƙa hannu zai karɓi yarinyar, Sailuba ta juya masa kafaɗa.

"Haba Sailubata..."

"Ba wata Sailubarka. Iccen ga ya mutu, kowa ya sani garin ga, sai kai."

"Bai mutu ba. Ganye ya zubar. Ki bari ruwan hwari ya sauka ki gani, tohowa za shi yi."

"Ruwan hwari da iska shika zuwa! Kuma bisa ɗakinmu ya karkata."

Ya sunkuya ya ja reshen zuwa gindin katanga a hankali, kamar mai jan hannun tsoho. Wannan lallaɓawar ce ta fi ƙona mata rai.

Ba wai ba ta son itacen ba ne. Wa zai zauna a gidan nan ya ƙi shi?

Maɗaci ne, tun kakan Albashir yake tsaye. Ranar da aka kawo ta amarya daga Madekali, can tsallaken iyaka a ƙasar Benin, zuwa wannan ƙauye na kusa da Lolo, a ƙarƙashinsa aka sauke ta. Kanta a lulluɓe, ba ta ga fuskar kowa ba, sai dai ta ji sanyi ya sauko mata a ka bayan zafin hanya, ta ji shamuwa na ƙwaƙwas da baki can sama. Sai wata murya ta ce mata da Dandanci, harshen gidansu, "Sauke ranki, 'yata, kin iso gida."

Inna Hajjo ce, uwar mijinta.

A gindin itacen nan Inna ta koya mata turara shinkafa irin ta mutanen nan. A nan suke ɓarar gyaɗa har la'asar, tsohuwar na ba ta labarin ƙuruciyar Albashir, yadda ya taɓa hawa ya kasa saukowa ya yi ta kuka har ya jiƙa wando. Idan ya dawo ya tarar suna dariya sai ya ce, "An sake hwasa ni ke nan?"

Kuma ba ranar da mata ba sa sallama neman sassaƙe. Mai zazzaɓi, mai ciwon ciki, mai jego. Inna ba ta taɓa hana kowa ba, amma da hannunta take sassaƙa. Gefe ɗaya take ɗiba, ta kwaɓa laka ta shafe wurin, ba za ta sake taɓa shi ba sai ya haɗe.

"Icce kamar mutum na," in ji ta. "In kin tuɓe mai riga duka, kin kashe shi."

Da Inna ta rasu, matan ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu kowa da 'yar gatarinta. Sailuba yarinya ce, baƙuwa kuma. Da wane baki za ta ce wa sa'ar uwar mijinta ta dakata? Kafin Albashir ya farga an zagaye gindin, saura wani siririn ɓawo mai faɗin tafin hannu da ya haɗa ƙasa da sama. Ya yi faɗa, ya kewaye wurin da ƙaya, ya ce ko limamin gari ne ya zo a ba shi haƙuri.

Sai ga damina ta yi nisa, kogi ya cika ya shanye hanya, Sailuba ta haihu, zazzaɓi ya kwantar da ita har ba ta gane mutane. Babur ba ya wucewa, jirgin ruwan da zai kai su asibiti kuma sai an jira. Albashir ya janye ƙayar da kansa, ya sassaƙe ɓawon nan na ƙarshe, aka dafa mata.

Daga baya an samu jirgi, an kai ta Bagudo, ta sha allurai da ƙarin ruwa. Har yau ba ta iya cewa ga abin da ya tashe ta ba. Abin da ta sani, ta dawo gida da jaririya mai sunan Inna, wadda ita take kira 'Yar Baba don kunyar sunan, ta tarar ganyen maɗaci ya fara yin ja.

Tun daga nan ba wanda ya ta da maganar a tsakaninsu.

Ranar da reshen ya faɗo ba ta tafi Madekali ba. Ta ɗaure kayanta dai a zane, ta kwashe shimfiɗarta da ta yarinya zuwa tsohon ɗakin ajiyar shinkafa da ke can ƙarshen gida, inda ko itacen ya faɗi ba zai kai ba. Zafi kamar tanda, ga ɓeraye. Ta gwammace.

Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana ajiyewa ba magana. Shi ma ya ci ba magana. Kowace la'asar gabas na ƙara yin baƙi. Shamuwa sun iso, sun yi ta kewaya gidan, suka wuce suka yi sheƙa a tsamiyar maƙwabta.

Wata safiya ta fito da buta, sai ta hango shi durƙushe a gindin maɗacin. Jarka biyu na ruwan kogi a gefensa, ya riga ya juye ɗaya a saiwa. Ya kwaɓa laka a tsohuwar ƙwarya, yana shafawa a jikin itacen da yatsu, a hankali, daidai yadda Inna take yi.

Ta ajiye butar.

"Yaya..."

Ya ɗago a firgice, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Rabonta da kiransa haka tun kafin faɗan.

"Tun yaushe kaka wanga aiki?"

"An jima."

Ta matso ta durƙusa kusa da shi. Lakar da ya shafa a baya duk ta bushe ta tsattsage, wata kan wata.

"In tambaye ka wani abu, ka gaya min tsakaninka da Allah?"

"Ina ji."

"Ka yi nadama?"

"Nadamar mi?"

"Da ka sassaƙe shi don ni." Hawaye suka ɓalle mata. "Kullum in ka dubi iccen ga sai ka dube ni. Ina gani, Yaya! Sai in ji kamar awo kaka yi, ko na kai kuɗin abin da ka biya..."

"Subhanallahi! Sailuba!"

Ya saki ƙwaryar. Ya kama hannuwanta biyu da nasa masu laka.

"Abin da ke cikin ranki ke nan duk watannin ga?"

"To mi zan ce? Ba ka magana."

"Wallahi da icce goma na, da na tuɓe su duka. Da na sare su na hura wutar dahuwar da su! Ke ta fa. Ke!"

"To don mi..."

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar da Inna ta cika ina Kamba wajen gyaran injin ban-ruwa. Na iske an rufe ta. Ban ce mata komi ba, ba ta ce min komi ba. In na zauna nan sai in ji kamar ta shiga ɗaki na, yanzu za ta hito. In anka sare shi... shi ke nan ta tahi."

Sailuba ma haka take ji, ba ta dai taɓa faɗa ba. Ta share fuska da gefen zane, lakar hannunsa ta ɓata mata kumatu.

"Ni ma uwata ta," ta ce. "Ita ta hwara yi min magana garin ga. Amma ka ba ni wuƙarka."

Ya zaro 'yar wuƙar daga aljihu. Ta miƙe ta kamo wani siririn reshe da ya sauko, ta mayar masa da wuƙar.

"Kankare da hannunka. In ka ga ɗanye ko kamar ƙwayar gero, na yi alkawari ni da kaina zan riƙa ɗebo mai ruwa. Mu yi ta kwana ɗakin shinkafa har ya toho."

Ya riƙe wuƙar, ya dubi reshen. Bai kankare ba. Ya ɗan lanƙwasa shi kaɗan, ya karye ƙas, gari ya zubo daga ciki.

Daga ɗakin shinkafa 'Yar Baba ta farka ta tsala kuka. Albashir ya daɗe yana sauraron kukan.

"Ki ɗauko Innata," ya ce. "Bari in tai in kira Ɗanmusa."

Ɗanmusa mai injin yankan katako ya zo da mutanensa da igiyoyi kafin rana ta take. Ya ce daga sama za a fara, reshe-reshe, don kada a taɓa rufin. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Tsofaffin matan da suka sha sassaƙensa suna ta salati, wata na cewa da shi aka yi mata wankan haihuwar fari.

Albashir bai fita ba. Shi ya riƙe igiya.

Sailuba na tsaye can nesa da goyo. Ita ta nema, ita ta yi rantsuwa, amma da injin ya kama babban reshen da Inna ke rataya faifai a jikinsa, sai ta toshe baki. Duk reshen da ya sauko, wani yanki na sama da ba ta taɓa gani ba sai ya buɗe. Da gangar jikin ta kwanta, ƙasa ta girgiza har cikin ƙirjinta, wani kuka ya ƙwace mata mai sauti.

Cikinsa duk rami ne, gara ta cinye. Ɗanmusa ya leƙa ya girgiza kai.

Azahar ta yi, mutane suka watse. Tsakar gidan ya zama fili fetal, rana ta ko'ina, har ya yi mata kamar gidan wasu. Kaji na ta yawo sun rasa inda za su fake.

Ta zubo masa shinkafa da miyar kifi, ta fito da kwanon, ƙafarta ta kai ta inda ta saba ajiyewa. Ta tsaya a tsakiyar rana, kwano a hannu, sabbin hawaye na zuba.

"A'a!" in ji shi daga bayanta, muryarsa a dushe. "Ke da kinka ci shari'a, ke ka kuka? Mu da munka hwaɗi mu yi yaya?"

"Ka ƙyale ni..."

Ya karɓi kwanon. Ya duba hagu, ya duba dama. Inuwa ɗaya ce ta rage a gidan, 'yar rumfar ƙofar ɗakinta inda take tankaɗe, wadda ko mutum biyu ba ta isa ba. Tun da aka yi auren bai taɓa cin abinci a nan ba.

Ya je ya zauna a bakin tabarmar, rabin kafaɗarsa a rana. Ta biyo shi, ya miƙa hannu ya kwance 'Yar Baba daga bayanta ya ɗora a cinya.

"Matso, uwar Innata. Zo mu ci tare."

"Mutane za su shigo su gani..."

"Su gani."

Ta zauna. Gwiwarta ta taɓa tasa. Daga gabas iska mai ƙanshin ruwa ta taso, ta ratsa tsakar gidan ba abin da ya tare ta. Yarinyar ta miƙa hannu ta damƙi shinkafa ta cusa wa ubanta a baki. Ya karɓa yana dariya, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, Sailuba ta sa gefen mayafinta ta share masa.