Hannun da ke Kafaɗata

Kai ma ka ga fitilar kyamarar kwamfutarka tana kunna kanta, ka kau da kai. Haka yayata Hajara ta yi a gidanta da ke unguwar Fezzan: ta lulluɓe tata da mayafi, ta yi mata turaren wuta.

Na ce, "Yaya, turare ba ya korar mai leƙen 'ya'yanki."

Ta ce, "To ɗan boko, kore shi."

Bayan magariba na sa manhajar bincike a kwamfutarta, ta tono wani ɓoyayyen abu mai ɗaukar hoton ɗakin. Na buɗe hoton ƙarshe. Ni ne a zaune, wata doguwar mace ta dafa kafaɗata. Hajara kuwa tana kicin, ina jin muryarta.

Tashi ka bincika taka tun rana ba ta faɗi ba.