Tawadar Kawu

Ranar zaɓe da azahar aka tsinci gawar Tela a shagonsa, dutsen guga yashe kusa da kansa.

Sufeto ya san shi. Tun da aka yanka mazaɓar nan, kujerar majalisar ƙasa gida ɗaya take kwana. Kaka ya hau, uba ya gada, yanzu jika ne, wanda ake kira Honorabul. Tela kuwa kowane zaɓe sai ya fito, ya sha ƙasa, ya koma kan keken ɗinkinsa. Bana ne kawai layin magoya bayansa ya yi tsawo.

Kan teburin yanka akwai kofin shayi biyu.

"Wa ya zo masa?" Sufeto ya tambayi matar mamacin.

"Ina rumfar zaɓe, Yallaɓai. Amma kofin nan mai fure sai babban baƙo yake ɗauko wa."

Sufeto ya wuce ofishin Honorabul. Hotunan kaka da uba na bango, a gefen kowanne ga mutum ɗaya tsaye, gashinsa na ƙara fari. Kawu kenan, ƙanin uwar Honorabul, mai ɗinke wa gidan kowane zaɓe.

"Allah ya jiƙansa, abokin hamayya ne na kirki," in ji Honorabul, idonsa na kan waya.

Sufeto ya juya wajen Kawu da ke zaune a gefe. "Kawu, ina kake da hantsi?"

"Kan layi mana, ɗana. Rana ta gasa ni kamar nama." Ya ɗaga babban yatsa, farcen shafe da tawada. "Ga shaida."

"Kai da kanka ka bi layi?"

"Tsufa ya koya mini biyayya."

Sufeto ya ɗaga ƙaramin yatsansa na hagu, mai tawada. Ya kira kofur, ya kira direba, ya kira mai shara. Kowa ƙaramin yatsa.

"Bana hukuma ta canja yatsa, Kawu. Duk wanda ya bi layi ya sani. Kai ka shafa irin ta zamanin uba."

Kawu ya kalli farcensa.

"Cewa na je yi ya janye, yadda na sa na baya suka janye. Ya zuba mini shayi, ya yi mini dariya. Wai in fara neman aikin gadi." Ya juya wajen Honorabul. "Don kujerar gidanmu na yi. Faɗa musu, ɗan nan."

Honorabul ya ajiye waya. "Sufeto, mutumin nan ba ya riƙe da muƙami a ofishina. Doka ta yi aikinta."

"Ni na goya ka," in ji Kawu.

Kofur ya ɗaura ankwa.

A bakin ƙofa Sufeto ya waiwaya. Honorabul ya sa mai shara ta hau kujera tana sauke hotunan, za a kai a yanke gefen da Kawu yake.