Ɗiyan Mushtari

Ana gab da kiran magariba Uwaisu ya rufe rumfarsa ta gyaran waya a kasuwar Goronyo, ya ɗaure bututunsa a bayan babur da igiyar roba. Bututun ruwa ne fari, tsawonsa kamu uku, ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya dasa gilashi a kowane baki. Gilasan kuwa Malam Wilfred ne ya bar masa, wani malamin kimiyya ɗan Zuru da ya yi shekara shida a garin kafin a mayar da shi gida. Shi ya fara nuna masa yadda ake ɗaure waya a ƙaramin bakin a ɗauki hoton sama.

Masu loda albasa suka hango shi, suka bar aikinsu don su yi nishaɗi.

"Uwaisu, a gaishe muna da mutanen sama!"

"In ka hango ruwan baɗi ka zo ka hwaɗa muna!"

Ya tayar da babur ya wuce. Mutanen Goronyo ke nan, in wayarsu ta mutu kai ne injiniya, in ta tashi kai ne mahaukaci. Dariyarsu ba ta taɓa hana shi barci ba. Dariyar mutum ɗaya ce take ci masa rai, ta ubansa.

Uban nasa, Malam Mode na ƙauyen Boyekai, ya san taurari kamar yadda ya san tumakinsa. Da tsayuwar Kaza da ɗiyanta yake faɗa wa manoma lokacin shuka, kuma ba a cika jin ya kuskure ba. 'Ya'yansa maza biyu ne. Nasrullahi ya ɗauki fartanya, Uwaisu ya ɗauki sukuddireba. Tun daga nan tsohon ya raba su: wancan "ɗana Nasrullahi", wannan kuwa "mai bututu". Shekarar Uwaisu talatin da huɗu, bai taɓa jin uban ya dube shi ya ce Allah ya yi masa albarka ba. Ko sau ɗaya, wallahi. Kuma ba don bai nema ba.

Yanzu ga tsohon a kwance a zaure, ƙafafu sun kumbura, ido ya daina ganin taurari, sai dai hankalin nan garau. Juma'ar da ta wuce Uwaisu ya je dubiya, tsautsayi ya sa ya ce masa ai tauraron nan Mushtari ma yana da ɗiya huɗu da suke zagaya shi. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, a gaban masu dubiya.

"Shekara saba'in ina kallon Mushtari," ya ce. "Gwauro na, kamar wani da nis sani. In shina da ɗiya, kawo in gani."

Zaure ya ɗauki dariya. Uwaisu ya tashi da niyyar kawo masa hoton. Dare uku yana gwadawa a bayan gida, fitilun sola na maƙwabta suna ɓata masa hoto, ba abin da yake fitowa sai farin ɗigo kamar an ɗiga nono a baƙin zane. Lokaci kuwa ba ya jira, don ma'aikacin asibiti ya riga ya ja Nasrullahi gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Shi ya sa yau ya nufi wani kufai da ke kan tudu, gabas da madatsar ruwa, inda mutane suka tashi tun lokacin da aka tare ruwan Rima. Can babu fitila, babu kowa.

Ya isa rana ta faɗi. Ya yi sallar magariba a kan wani guntun bango da ya zama ƙasa. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, sama wanke take tas. Iska tana kawo warin laka da ƙarnin kifi, da ɗan yajin irin albasa daga fadama. Kwaɗi sun cika duniya da kuka. Can nesa injin ban ruwa guda yana ta bugawa, tuf-tuf-tuf.

Ya kafa ƙafafun katako guda uku da ya haɗa da kansa, ya ɗora bututun, ya jira. Bayan isha Mushtari ya ɗago daga gabas, fari sol, ba ya ƙyaftawa kamar sauran. Ya saita, ya ɗaure wayar da roba a ƙaramin bakin, ya sa ta ƙirga daƙiƙa goma kafin ta ɗauka, don kada rawar hannu ta ɓata.

Na farko ya lalace. Na tara ma haka. A na sha huɗu ya ga abin da ya sa ya zauna daɓas a ƙasa.

Ga shi nan, kewayayye, da ɗamara biyu ja-ja a cikinsa. Ga ɗiyan a jere, uku a dama, ɗaya a hagu. Huɗu cif.

Daɗi ya kama shi, sai kuma baƙin ciki ya biyo baya nan take, don ya waiga babu ko mutum ɗaya da zai ce wa zo ka gani. Ya miƙe, ya koma kan wayar, yana ta ƙara ɗauka.

Bai lura da lokacin da kwaɗin suka yi shiru ba. Injin nan ma ya tsaya.

"Sannu da aiki."

Daga bayansa muryar ta fito, a hankali, muryar dattijo. Ba sallama, sannu kawai. Uwaisu ya ɗauka masunci ne ya hawo daga bakin ruwa. Idonsa na kan wayar, bai ko juya ba.

"Yawwa, sannu Baba."

"Mi kaka yi?"

"Ɗauka nika yi."

"Mi kaka ɗauka?"

"Mushtari, da ɗiyanai."

Wani wari ya iso hancinsa, kamar na tokar da aka zuba wa ruwa.

"Ka tambayi mai su?"

Uwaisu ya yi 'yar dariya, ya ce ai sama ta kowa ce. Mutumin bai yi dariya ba, sai ya ce ya ba shi labarinsu. To fa, nan aka same shi. Tun tafiyar Malam Wilfred ba wanda ya taɓa yi masa tambaya a kan sama ba da izgili ba. Bakinsa ya buɗe. Ya faɗi girman Mushtari, ya faɗi yadda ɗiyan suke canja wuri kowane dare, har da maganar tsohonsa da dariyar zaure duk ya zazzage wa mutumin da bai ga fuskarsa ba. Shi kuwa yana saurare, ba tari, ba gyaran murya, ko numfashinsa ba a ji.

"Ni ma in ɗauka?" in ji muryar.

"Haba Baba, ɗauki mana!"

"Wane?"

"Wanda duk kag ga dama."

"Ko wanda ka hi so?"

"Shi ɗin ma."

"Ka ba ni?"

"Na ba ka."

"Ka ba ni?"

"Na ce na ba ka, Baba."

Sai da ya sake tambaya ta uku, Uwaisu ya sake amsawa. Wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ba a neman abu sau uku da dare a banza. Shi ma ya sani. Amma zumuɗi ya rufe masa kai, shi duk a zatonsa hoto ake nufi, yana jiran dattijo ya fito da 'yar wayarsa a tura masa.

Ya matsa gefe. "Zo ta nan, nan aka sa ido."

Ba wanda ya zo.

Fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin. Mushtari ya ɓace, kamar an rufe bakin bututun da faifai.

Ya ɗaga kai.

Babban bakin bututun yana sama da kansa, ko ya yi ɗage hannunsa ne kawai zai kai. Amma ga mutum can ya sunkuyo a kansa. Sunkuyowa ya yi, daga sama, kamar mai leƙa rijiya. Inda jikinsa ya tsaya babu taurari.

Wayar ta yi haske.

Ido ne ya cika ta. Guda ɗaya, rawaya, ba fatar ido, ba gashi. Yana kallon Uwaisu ta cikin bututunsa.

Wayar ta fara ƙirga da kanta. Tit. Tit. Tit.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, ta ɓace masa. Ya nemi ƙafafunsa, ba su amsa ba.

Tit. Tit.

Ƙyas.

Ya ji an zare wani abu daga ƙirjinsa, a hankali, ba zafi, kamar yadda ake tuge albasa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Na ɗauka," in ji muryar, dab da kunnensa.

Nan ƙafafun suka sake shi. Ya fizgi wayar, robar ta tsinke ta zane shi a fuska. Ya faɗa kan babur. Ya buga, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Ya tura shi gangaren tudun yana gudu, ƙaya tana yagar wandonsa, warin tokar nan yana bin ƙeyarsa. Bai waiga ba. Sai a tsakiyar gangaren injin ya kama, ya ɗane, bai tsaya ba sai da ya ji kukan kwaɗi ya dawo, ya ga tocilan masu ban ruwa a fadama.

A ɗakinsa ya kunna fitila ya dudduba kansa. Yatsu goma, ido biyu, harshe yana motsi. Ya buɗe wayar. Hotuna duk suna nan, na sha huɗun nan yana nan da kyansa, hoton idon ne kawai babu. Ba abin da ya ɓata. Har dariya ya yi shi kaɗai, ya ce aljanin ma bai iya ɗauka ba.

Gari na wayewa ya kama hanyar Boyekai.

Ya tarar da tsohon a jingine a zaure, Sa'adiya ƙanwar Uwaisu tana ba shi kunu. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Maraba da baƙo."

Gatse ne, ya saba. Bai kula ba, ya miƙa wayar. Malam Mode ya kai ta dab da hancinsa, ya runtse ido ɗaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗora ɗan yatsa yana bi.

"Guda. Biyu. Ukku." Muryarsa ta karye. "Huɗu. La'ilaha illallahu. Ashe shina da ɗiya! Shekara saba'in ina yi mishi ƙazahi." Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. "Wa yaɗ ɗauko wanga?"

"Ni na, Baba."

Tsohon ya lalubo kansa, ya dafa da tafin nan mai kaushi.

"Allah shi yi ma albarka, yaro. Allah shi yi ma albarka. Uban da yah haihe ka ya gode Allah."

Uwaisu ya sunkuyar da kai, kuka ya ƙwace masa kamar ƙaramin yaro. Shekara talatin da huɗu yake jiran wannan hannun. Bai gama jin ɗuminsa ba tsohon ya ɗago haɓarsa, ya dube shi da fara'a irin wadda bai taɓa yi masa ba.

"Kai ɗan wa na?"

Sa'adiya ta ajiye ludayi. "Baba, Uwaisu na hwa."

"Wane Uwaisu?"

"Ɗanka, Baba! Mai bututu!"

"Ke, bar wasa gaban baƙo. Ɗana namiji guda na, Nasrullahi."

Aka taru. Aka gwada shi ta kowace hanya. Ya lissafa jikokinsa goma sha ɗaya da sunayen iyayensu, ya faɗi shekarar da aka tare ruwa, ya tambayi lafiyar tunkiyar da ta yi ɗingishi shekaranjiya. Komai yana nan daram. Uwaisu ne kawai aka cire, tun daga ranar sunansa har zuwa jiya. An yi rubutu, an yi addu'a, an kai shi asibiti a Sakkwato, suka ce ba su ga komai a kansa ba.

Bayan kwana uku Uwaisu ya koma kufan da rana tsaka. Bututun yana tsaye a kan ƙafafunsa, ba sawun kowa a ƙasa sai nasa. Sai dai bakin ba sama yake kallo ba, an kwantar da shi yana saitin Boyekai. Ya bar shi nan, bai sake ɗaga waya sama ba. Masu loda albasa suka yi ta tsokana har suka gaji.

Malam Mode ya ƙara wata huɗu a duniya. Kowace Juma'a Uwaisu yana zuwa, kuma kowace Juma'a sai an gabatar da shi sabo. Tsohon yakan sa a shimfiɗa wa baƙo tabarma mai kyau, wadda ba a taɓa shimfiɗa wa mai bututu ba. Ya karɓi wayar, ya ƙirga ɗiyan Mushtari, ya dafa kansa ya sa masa albarka har da ta uban da ya haife shi. Albarkar da ya yi ta nema ke nan, ga ta yana samu duk mako, ba ta kuma taɓa yi masa daɗi ba.

A Juma'ar ƙarshe tsohon ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Yaro, in ka koma gida ka gaishe min da babanka. Ka ce mishi wani tsoho na Boyekai shina yi mishi hassada."

Uwaisu ya dubi fuskar da ya gada, hanci da goshi duk iri ɗaya.

"Zai ji, Malam," ya ce.