Tsinken Ashana a Injin Kawu Imoru

A unguwar Sakasaka akwai wata yarinya mai rawar kai. Babanta mai gyaran wayoyin mota ne. Da an tashi makaranta, garejinsa take wucewa, tana miƙo masa sukudireba da salatif. A ganinta, ta riga ta zama oga.

Wata Asabar da safe, Kawu Imoru ya kawo tasinsa. Ya sayo sababbin injekta, wato 'yan bututun da ke fesa wa inji mai. Ranar ce kuma ake sunan jaririyarsa a Gbalahi. Kaka Mma ta dafa shinkafa da wake tukunya-tukunya, motar kawai take jira. Kawu dai ba ya tuna gyara sai ranar buki.

Baba ya ɗaura injektocin. Amma da ya zo haɗa waya, tsohon soket na wayar motar ya ƙi shiga bakin sabon injekta.

"Bakinsu ba ɗaya ba ne," in ji Baba. "Bari in je in samo soket irin nasu. Kar ki taɓa komai."

Yarinya ta leƙa, ta ga ɗan haƙorin roba ne ya tokare. Ai wannan mai sauƙi ne. A gida, in fulogin fanka ya ƙi shiga bango, tsinken ashana ake soka wa. Sai ta ɗauki reza ta share haƙoran tsofaffin soket. Ta danna su da ƙarfi, ta cusa tsinkayen ashana don su kama.

Can sai ga Kawu cikin farar riga.

"Ɗiyata, mota ya yi?"

"Ya yi, Kawu. Ni na ƙarasa."

Kawu ya murɗa makulli, inji ya tashi. Suka ɗauki Kaka da tukwane. Yarinya na baya, sai fasa kai take yi.

Suna kusa da Kukuo, mota ta faɗa rami. Inji ya fara karkarwa, ya yi tari, ya mutu.

"Imoru," in ji Kaka, "mutane na can da yunwa, shinkafa na nan tana hucewa."

Kunya ta kama yarinya, ta kasa ɗaga kai.

Kawu ya kira Baba a waya. Ba a jima ba ya iso a kan babur. Ya buɗe gaban mota, ya tsinto tsinkayen ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya sa ashana kusa da fetur?"

"Ni ce, Baba. Haka muke yi wa fanka."

"Fankar ma daga yau an daina. Haƙorin nan da kika yanke, aikinsa ke nan, ya hana soket shiga inda ba wurinsa ba. Kin ga da girgiza ta zo, duk sun kwance. Da wuta ta tashi fa?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Kawu, ka yafe mini."

"Na yafe," in ji Kawu. "Ni ma da na jira babanki."

Baba ya yanke tsofaffin soket, ya haɗa sababbi waya da waya. Yarinya na riƙe masa salatif. Da aka zo na ƙarshe, ya miƙa mata.

"Sa shi a hankali."

Ta ɗora shi kawai, ya shige, ya yi ƙas. Ko ƙarfi ba ta sa ba.

Sun isa Gbalahi a makare, amma shinkafa da sauran ɗuminta. Kaka ta ce wa baƙi, "Ku gode wa ogar gareji, ita ta ƙara muku yunwa." Kowa ya yi dariya, har da yarinyar, aka cinye tukwane tas.

Ranar ta koyi darasi. Abin da ya ƙi shiga ba ƙarfi yake so ba. A tsaya a duba, in ba a gane ba a tambayi manya. Suna komawa gida, ta kashe wuta, ta zare tsinken da ke soket ɗin fanka, ta kai wa Baba.